Fadamar da Aka Biya Don Kada a Noma Ta

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya kai ni lafiya ya kuma dawo da ni.

Wankan jego ne ya fitar da ni daga ƙauyenmu na gefen Bunkure har Amurka. 'Yata Rabi tana can da mijinta Malam Nura, wanda ya je ƙaro karatun noma. Ga ta da cikin fari, ba uwa kusa ba uwar miji. Da aka rasa yadda za a yi ta zo gida, sai aka ce to ni in je.

Cutar farko tun ban bar ƙasarmu ba na sha ta. A filin jirgi wani mutum mai fara'a ya tare ni, ya dubi jakata ya tambayi abin da ke ciki. Na lissafa masa: ganyen darbejiya busasshe, man shanu, yajin jego, daddawa da kanwa. Ya girgiza kai ya ce duk za a ƙwace, sai dai in ya naɗe jakar da leda, don jakar da aka naɗe babu Baturen da doka ta ba shi ikon buɗewa. Na biya shi, har da addu'a na yi masa.

Mun sauka a wata ƙasa a tsakiyar hanya don canjin jirgi. Filin jirgin nan ya fi garin Kura girma a idona, kuma duk a cikin ɗaki ɗaya. Karatun ajin manya da na yi da girmana ya yi mini rana, don ina iya karanta lamba da baƙi, na bi su har ƙofar da aka rubuta mini. Sai dai ashe an canza ƙofar, an faɗa da lasifika da yaren da ba na ji. Ina zaune ni kaɗai ina mamakin yadda jirgi guda zai tashi da mutum ɗaya, sai wata mai shara da ɗankwali ta dubi takardata, ta kama hannuna kamar na makauniya, muka yi ta sauri. Ko sunanta ban sani ba. Har yau in na idar da sallah tana cikin waɗanda nake ambata.

Da muka isa Amurka, jakata mai leda ita aka fara buɗewa. Ganye ya tafi, man shanu ya tafi, daddawa kuwa wanda ya buɗe ta sai da ya ja da baya. Kanwa ce ta jawo mini zama a wani ɗan ɗaki mai sanyi. Suka jera ta a tebur suna kallonta suna kallona. Na gutsuri kaɗan na lasa don su gane abin ci ne, sai na ga abin ya ƙara tayar musu da hankali. Can aka miƙo mini waya, na ji muryar namiji da Hausar mutanen Damagaram yana cewa, "Sannu Inna, kada ki ji tsoro, tambaya ce kawai." Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Ya yi musu bayanin kunun kanwa, suka yi 'yan gwaje-gwajensu, suka maido mini da abata.

Gidan su Rabi ba a birni yake ba. Wani ɗan gidan katako ne a cikin gonar wata tsohuwar Baturiya da mijinta ya rasu, muna ce mata Madam. Nata gidan yana kan tudu, namu a ƙasa kaɗan. Ta ba su wurin da haya mai sauƙi a kan Malam Nura ya riƙa duba mata gonar. In ba don haka ba, abin da makaranta ke ba shi ba zai riƙe su a cikin gari ba. Ban daɗe da zuwa ba Rabi ta sauka, aka samu namiji, aka sa masa Abubakar, ni kuwa na yi sabon maigida mai kukan asuba.

A wajenmu uwar mata ba ta zama ta yi hira da surukinta. Gaisuwa ce daga bakin ƙofa, shi a durƙushe kai a ƙasa, ni fuska a gefe. A gida wannan ba wuya, kowa da sashensa. A can kuwa ɗaki biyu ne da falo ɗaya da banɗaki ɗaya. In zai fito sai ya yi gyaran murya, ni kuma in koma ɗaki. In ina kicin, ya haƙura da shayinsa har in gama. Duk abin da zan faɗa masa sai ta bakin Rabi, ko da yana tsaye a bayan labule yana ji. Rabi ta ce mun mayar da ita ɗan aike tana jego. Yaro ne mai ladabi, bai taɓa ɗaga ido ya dube ni ba.

Wanka ma ya zo da sauƙin da ban so ba. Babu itace, babu tukunya, famfo ake murɗawa ruwan zafi ya zo. Kafin hantsi na gama wa Rabi da jariri, na dama kunu, sai zama. Ba sallama, ba mai aiko yaro neman garwashi, ba kiran sallah sai na cikin waya. Na yi kewar ƙarar injin casar shinkafa da nake zagi kullum a gida. Madam ce kaɗai ke leƙo mu. Ta kawo bargon da ta saƙa da hannunta, ta kawo miyar kaza a kwano, da ta ga ina rawar sanyi ta kawo mini rigar ulu. Ba ma jin juna. Ta yi magana in ce to, in yi magana ta yi dariya. Alherin nan ya yi mini nauyi, don ban saba a ba ni in rasa abin mayarwa ba.

Zaman ya ishe ni, na fara zagayawa bayan gida in miƙe ƙafa. A nan na ga fadamar. Ƙasa baƙa wuluk, irin wadda in ka matsa a hannu take kamawa kamar tuwo, shimfiɗe har inda ido ya tsaya. Amma ruwa ya kwanta a kanta, doguwar ciyawar kachala ta cinye ta, agwagin ruwa da wasu tsuntsaye masu dogayen ƙafafu sun mayar da ita gidan ubansu. Na tsaya ina salati.

Wanda bai yi noman rani a wajenmu ba, ba zai gane abin da na ji ba. Gonar da marigayi maigidana ya bar mana tana can ƙarshen kanal, inda ruwan kowa ke taruwa. Shekarar da kachala ta toshe magudana, ruwa ya kwanta mana har ƙasa ta yi farin gishiri, tumatir ya ruɓe a tsaye. Tun daga nan duk shekara sai an yi gayyar yasa, maza da shebur, mu mata da kwanukan kwasar laka da abinci. Wanda ya ga magudanar maƙwabcinsa ta toshe ya wuce, ba a ganinsa da mutunci. Tsuntsu kuwa, da gwangwani da majajjawa muke kwana biyu muna korarsa daga shinkafa.

Na bi gefen ruwan har na tarar da abin da nake zato. Tsohuwar magudana ce mai faɗi, an haƙa ta miƙe sambal zuwa wani rafi, amma a wuri guda ƙasa da duwatsu sun cike ta, ciyawa ta rufe. Na ce Allah sarki, mai gona ya mutu, 'ya'ya sun tafi birni, tsohuwa ba ƙarfi. Na kuma ji haushin Malam Nura a raina, mai karatun noma guda yana kallon wannan. Da wani ne da na tambaye shi. Amma yaya zan aika wa surukina cewa ya bar aikinsa? Rabi kuma ban faɗa mata ba, don alherin da za ka rama ba a yi masa shela.

Akwai wani tsohon shebur a rumfar kaya, ƙotarsa ta yi santsi don riƙo. Kullum in Malam Nura ya fita makaranta, mai jego da jariri sun yi barci, sai in ɗaura zanen aiki in sauka. Ban yi gaggawa ba. Na fara janye duwatsun da zan iya, na yanka 'yar siririyar hanya daga ƙasa zuwa sama yadda muke yi, don kada ruwa ya zo mini gaba ɗaya. Ranar da na fasa bakin ƙarshe, ruwa ya biyo shebur, ya ci gefe da gefe, ya ƙarasa aikin da kansa. Tun da na zo ƙasar ban yi barci mai daɗi irin na ranar ba.

Bayan 'yan kwanaki ruwa ya ja baya sosai, laka ta fito tana sheƙi. Ina ta lissafin inda fangalin albasa zai zauna. Wata safiyar Asabar ina goye da Abubakar, sai na hango Malam Nura ta taga ya nufi fadama, ya tsaya, sannan ya kama gudu. Ban taɓa ganin ya yi gudu ba. Ya dawo da laka har gwiwa, ya shige ɗaki ba gyaran murya, na ji suna ƙus-ƙus da Rabi. Can ta fito ta zauna kusa da ni, ta dubi ƙafafuna da suka yi faso, ta ce, "Inna, ke ce?"

Na ce ni ce, kuma ba sai an gode mini ba.

Rabi ta rufe fuska da hannu biyu. Da ta buɗe, ta yi mini bayani a hankali kamar mai koya wa yaro alwala. Ta ce gwamnatin can tana da kuɗin da take warewa don a bar wasu wurare yadda Allah ya yi su. Wani wurin takan saye shi ɗungurungum ta bar shi daji. Wani kuma, irin na Madam, ba ƙasar ta saya ba, noman ta saya. Gona tana nan ta Madam, 'ya'yanta za su gada, suna iya sayarwa, amma duk hannun da ta shiga ba a huɗa, ba a gini, ba a janye ruwa, har abada. Toshiyar da na kwashe kuwa ba rushewa ba ce. Gwamnati ce ta kawo mota ta cike wurin da gangan, don ruwa ya kwanta, kachala ta fito, tsuntsaye su yi ƙwai.

Na ce, "Kuɗi aka biya don a yi kachala?"

Ta ce kuɗi aka biya. Ta ƙara da cewa ma'aikaciyar gwamnati mai zagayen duba irin waɗannan wurare tana tafe kwanan nan. In ta ga an karya alkawari, Madam ce za ta yi gyara da aljihunta, ana ma iya kai ta kotu. Aikin da aka ba Malam Nura gidan dominsa ke nan, ya tabbatar ba a taɓa wurin ba. Ga shi ɗan Madam na birni dama yana neman dalilin da zai fitar da su ya sayar da ɗan gidan. Na dubi jaririn da ko arba'in bai yi ba, na dubi sanyin da ke waje.

Washegari Rabi ta faɗa mini abin da mijinta ya yanke. Zai je ya ce wa Madam shi ya buɗe magudanar don wani gwaji na karatunsa. Ya ce ba zai iya tsayawa gaban Baturiya ya nuna surukarsa da yatsa ba, gara a kore su. Na juya abin a raina. In baƙuwa ce ta yi, wadda ba ta san doka ba, akwai abin cewa. In shi ne, wanda aka ba amana ya kuma san komai, babu. Kunyata da yake ji ita za ta raba 'yata da matsuguni, ta sa shi ƙarya a kai.

Yana falo yana ɗaure takalmi na fito. Ya miƙe zai ba ni wuri kamar kullum. Na ce, "Malam, tsaya." "Tare za mu je. Ni zan yi magana, kai ka juya mata da Turanci. Kuma yadda na faɗa za ka faɗa, kada ka rage, kada ka yi mini kwalliya."

Kansa a ƙasa ya ce, "Inna, da kin bari."

Na ce, "Na bari da yawa, shi ya kawo mu nan."

Muka hau tudu, shi a gaba ni a baya. Madam ta zaunar da mu a kicin ɗinta kusa da taga. Na faɗa mata komai, tun daga bargo da miyar kaza har shebur. Na ba ta labarin gonarmu ta ƙarshen kanal da gayyar yasa. Na ce yaron nan bai sani ba, don a garinmu ni da shi ba ma magana, yau ce rana ta farko. In akwai kora, ni za a kora, dama ni mai tafiya ce. Malam Nura yana juyawa yana gumi. A wani wuri na ga maganarsa ta yi gajarta, na dube shi, ya koma ya ƙarasa.

Madam ta murza kofinta. Sannan ta yi magana tana kallon taga, Malam Nura ya saurara, ya juya mini.

"Ta ce ta sani. Ta ce tun ranar farko ta gan ki ta nan da shebur ɗin mijinta."

Ashe mijinta da mahaifinsa ne suka haƙa magudanar tun tana amarya, suka mayar da fadamar gonar masara. Duk shekara in ƙanƙara ta narke shi yake yashe ta da wannan shebur, ita kuma tana wanke-wanke tana jin gudun ruwa ta tagar nan. Ita ta sa hannu aka toshe bayan rasuwarsa, kuma har gobe tana ganin daidai ta yi. Amma tun ranar gidan ya yi mata shiru. Da ta ji ruwan ya sake gudu, ta ɗauki waya za ta kira Malam Nura ta ajiye, ta sake ɗauka ta ajiye. Ta ce in laifi ne, ni na yi ban sani ba, ita ta bari tana sane.

Sai na tambaye ta abin da ke cina tun jiya: me ya sa mutum zai sayar da noman ƙasa irin wannan? Ta nuna mini can nesa inda wasu gidaje suka jeru iri ɗaya kamar ƙwai a kiret. Ta ce duk gonakin maƙwabtanta ne. 'Ya'yanta ba mugaye ba ne, amma ranar da aka binne ta za su sayar, ita kuma ba ta so a zuba siminti inda mijinta ya ƙare ƙarfinsa. Ta ce kuma tun da ruwan ya samu wurin kwanciya, garin da ke ƙasa da su ya rage shan ambaliya.

A nan na tuna gonar mahaifina ta wajen Kumbotso, inda na koyi tsinkar wake. Yayyena suka sayar aka yanka fulotai. Da na je biki unguwar na nemi ko tsamiyar da muke hutawa ban gane inda take ba. Na ce wa Malam Nura ya faɗa mata a wajenmu wannan waƙafi ne, abin da mutum ke tsayarwa don Allah, ba mai ci ba mai canzawa, sai dai mu rijiya muke yi wa ko makaranta, ban taɓa jin an yi wa agwagwa ba. Ya sha wuya kafin ya juya, amma ta gane, ta yi dariya har da tari. Na ce to jikokinta fa, me za su ci? Ta ce jikokinta ba su san masara ba sai a gwangwani.

Har yanzu ban gama yarda ba. Na fito daga inda mutum goma ke rabon kadada ɗaya, kuma ɗaure hannun wanda ba a haifa ba abu ne mai nauyi. Amma na ga abin da ake yi da ƙasa in ba a ɗaure hannun kowa ba.

Madam ba ta jira zagaye ba, ita ta kira ma'aikaciyar da kanta. Wata doguwar mace ce da takalmin roba. Ta zagaya, ta ɗaga wata sheƙa da ta bushe a kan laka da ƙwai a ciki sun yi sanyi, ta nuna mana ba ta ce komai ba. Wannan ya fi mini faɗa zafi. Ta ce tun da su suka kawo maganar da kansu ba za a je kotu ba, amma za a sake toshewa da mota, Madam ce za ta biya, ƙyanƙyasar bana kuma ta tafi. Na ce a ba ni buhuna in cika da ƙasa in toshe da hannuna. Aka yi mini godiya aka ce a'a, sai mutanen da gwamnati ta yarda da su. Malam Nura ya ɗauki alkawarin duk ranakun hutunsa zai yi dashen ciyawar ruwa a inda ta mutu. Ɗan Madam ya bugo waya yana ta faɗa, muna jiyo muryarsa daga nesa. Ta bari ya gama, ta ce masa gidan nata ne muddin tana numfashi, kuma mai jariri ba ya tashi.

Ranar da motar za ta zo, Madam ta sauko da sandarta tun da hantsi, ta ƙwanƙwasa, ta yi mini alama da hannu. Ta sa Malam Nura ya kai mana kujeru biyu bakin magudana, ta sallame shi. Muka zauna, ni da Abubakar a cinya, ita da hannuwanta a kan sanda. Ruwan ya rage ƙarfi, yana bi ta kan duwatsu a hankali. Ba tafinta, ba mu kuma neme shi ba.

Motar ta iso wajen azahar. Abin da ya ci mini kwanaki, kafin in gama jijjiga yaro ta cike shi ta danne. Da direban ya kashe inji, sai wurin ya yi tsit. Madam ta ɗan karkata kai tana saurare, ta jima a haka, sannan ta dafa gwiwata ta miƙe. Na raka ta har ƙofarta, na gangaro gida, don lokacin wankan yamma ya yi.